RA'AYI: A Ba Matasan Potiskum Lasisin Rediyo Kafin Sabis Ya Sake Ɗaukewa

A ranar 14 ga Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa. Cikin 'yan kwanaki sojoji suka sa aka katse layukan wayar salula a jihohin uku, domin hana mayaƙan Boko Haram tsara hare-hare. A Potiskum, garin da kasuwancinsa ya rataya a kan waya, dillalin shanu ya rasa hanyar jin farashin Legas, mai tirela bai san inda motarsa ta kwana ba, wanda kuma ke da uzurin da ba ya jira sai ya biya kuɗin mota ya tsallaka Jihar Bauchi neman sabis.

Ba a yi wata biyu ba, da asubahin Asabar 6 ga Yuli, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo, 'yan kilomitoci kaɗan daga Potiskum. Rahotannin da suka fito daga Babban Asibitin garin sun kai adadin waɗanda aka kashe zuwa 42, akasarinsu ɗalibai. Gwamnan jihar na lokacin, Ibrahim Gaidam, wanda daga baya ya zama sanata sannan minista, ya rufe makarantun sakandare, ya kuma roƙi a maido da layukan waya, bisa hujjar cewa rashinsu na hana jama'a sanar da jami'an tsaro idan sun ga motsin da ba su yarda da shi ba. A tsakiyar watan aka maido wa Yobe sabis.

An shafe fiye da shekara goma, amma tambayar da wancan lokaci ya bari tana nan: idan turakun sadarwa suka yi shiru, ko da umarni ko da tsautsayi, ta wace hanya makarantar kwana da asibitin ƙauye da direban da ke tsakiyar daji za su kira wani? Wani ɓangare na amsar yana cikin abin da jami'ai da yawa a Abuja za su ɗauka wasan masu hali ne, wato gasar rediyo da ake yi daga cikin mota da eriya a kanta. Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta buɗe wa matasan Yobe hanyar samun lasisin wannan rediyo, ta kuma yarda a fara irin wannan gasa daga Potiskum, da sanin jami'an tsaro kuma a gaban idonsu.

Shiru iri-iri

Katsewar 2013 tana da 'yan uwa gaba da baya. A Satumbar 2012 Boko Haram ta bi turakun kamfanonin waya tana ƙonawa a Borno da Yobe da Kano da Bauchi da Gombe, tana zargin kamfanonin da taimaka wa jami'an tsaro wajen bin sawun mayaƙanta. A Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin rufe layuka a ɗaukacin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, daga bisani matakin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A ranar 14 ga Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankunan Abuja suka ji a jikinsu. Wata shida bayan nan madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye babban sashe na Maiduguri.

Turken waya yana rayuwa ne da man dizal ko batir, da kuma hanyar da ke haɗa shi da turken gaba. Idan ɗaya daga cikinsu ya yanke, wayar dubu ɗari biyar da ta dubu goma duk darajarsu ɗaya. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2024, wanda ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, yana da amfani wajen hukunta mai ɓarna. Sai dai hukunci ba ya kunna turken da ruwa ya ci.

Su wane ne masu rediyon sha'awa?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama BBC ko Muryar Amurka ko Muryar Jamus a kan mita 19 ko 25 ko 41 ya riga ya san gajeren zango, ya san murya na iya tasowa daga Landan ta sauka a zauren Fika ba tare da turke ko ɗaya a tsakani ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a tsakankanin waɗannan manyan tashoshi, Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta keɓe wasu zanguna domin ɗaiɗaikun mutane masu lasisi, waɗanda ke aika saƙo da karɓa domin koyo da gwaji, ba domin riba ba. Su ne masu rediyon sha'awa. A yankin da Najeriya take, suna da megahaz 3.5 zuwa 3.8, da 7.0 zuwa 7.2, da 14.0 zuwa 14.35, da 144 zuwa 146, da wasu ban da waɗannan.

Kowanensu yana da lambar kira da gwamnatin ƙasarsa ta ba shi. Ta ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U, ta ɗan Chadi da TT, ta ɗan Kamaru da TJ. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Faris a 1925, kuma ƙungiyar Najeriya, NARS, mamba ce a cikinta. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu da lambar JY1, haka ma tsohon Firaministan Indiya Rajiv Gandhi da lambar VU2RG. Sashe na 25 na dokokin rediyo na ITU, kamar yadda aka gyara shi a taron 2003, ya kwaɗaitar da gwamnatoci su ba waɗannan mutane damar shiri da taimakawa a lokacin bala'i. A taron ne kuma aka ɗage sharaɗin dole sai mutum ya iya saƙon Mos kafin ya hau gajeren zango, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi.

Me ake yi a gasar?

Ƙa'idar gasar mai sauƙi ce. Cikin ƙayyadadden lokaci, kowane ɗan takara yana ƙoƙarin tuntuɓar tashoshi masu yawa a wurare masu yawa. Idan biyu suka haɗu a iska, kowa ya faɗi lambarsa da ƙarfin da yake jin ɗan uwansa da inda yake, sannan kowa ya rubuta a kundinsa. Bayan gasa alƙalai su gwada kundi da kundi. Wanda ya yi kuskuren harafi ɗaya a lambar abokin maganarsa ya rasa makin, a wasu gasannin ma a ƙara masa tara. Mafi shahara ita ce CQ World Wide, wadda ake yi awa 48 a ƙarshen makon ƙarshe na Oktoba da murya, da na Nuwamba da saƙon Mos. Najeriya tana shiyya ta 35 a taswirar gasar, kuma da yake muryar 5N ba ta da yawa a iska, idan ta fito rububinta ake yi daga Turai har Japan.

Reshen da ya shafi Yobe shi ne na masu yawo da mota. A Amurka akwai gasannin jihohi, inda ɗan takara ke tuƙi daga gunduma zuwa gunduma, kuma duk gundumar da ya shiga sai a ɗauke shi sabuwar tasha. A wasu gasannin ana amfani da taswirar da aka amince da ita a garin Maidenhead na Ingila a 1980, wadda ta yanka duniya gida-gida, kowane gida digiri 2 daga gabas zuwa yamma, digiri 1 daga kudu zuwa arewa. A wannan taswira Potiskum tana gidan JK51, Gashuwa tana JK52, Gombe JK50, Maiduguri kuma JK61. Mota ɗaya da ta tashi daga Potiskum za ta iya shiga gida uku cikin yini guda.

Abin lura ga mai tsara manufa shi ne irin mutumin da gasar ke ƙerawa. Tana koya masa ya tsayar da tasha a bakin hanya cikin mintuna, ya yi aiki da batirin motarsa kaɗai, ya tsinto rauniyar murya daga cikin hayaniya, ya rubuta saƙo daidai ba ragi ba ƙari, ya kuma san wane zango ke tafiya da hantsi, wane ne ke tafiya bayan isha'i. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake nema ranar ambaliya. Taron bita na kwana uku a otal ba ya dasa su a jikin mutum. Kishin cin gasa, shekara bayan shekara, shi ke dasa su, kuma ɗan takara da kuɗin aljihunsa yake horar da kansa.

Indiya ta ga haka da idonta. Ta daɗe ba ta barin masu rediyon sha'awa su yi aiki daga tsibiran Andaman da Nikoba saboda dalilan tsaro. A Disambar 2004 ta ba wata tawaga ƙarƙashin Bharathi Prasad izinin zuwa domin tara tuntuɓa da tashoshin duniya. Suna cikin haka, ranar 26 ga watan, girgizar ƙasa da igiyar tsunami suka ragargaza tsibiran, layukan waya suka mutu. Nan take tawagar ta juya na'urorinta zuwa aikin agaji, ta riƙa isar da saƙonnin hukuma da na iyalai tsakanin tsibiran da babban yankin ƙasar. Sha'awa ce ta kai su wurin, bala'i ya tarar da su a shirye.

Ilimin yana wajen eriya

Sayen rediyo kuɗi ne kawai. Ɗora eriya a kan mota ta yi aiki shi ne sana'ar. Mitocin nan da mai gabatar da shiri ke ambata tsawon igiyar rediyo ne, kuma eriya mafi sauƙi sanda ce mai tsawon rubu'in wannan igiya. A zangon mita 2, wato megahaz 144, rubu'in bai wuce santimita 50 ba, don haka sandar za ta zauna a tsakiyar rufin mota ba wahala. A zangon mita 40 kuwa rubu'in mita 10 ne, a na mita 80 mita 20. Babu motar da za ta bi titi da sanda irin wannan. Dole a gajarta ta zuwa mita 2 ko 3, a cike giɓin da kwayil, wato naɗin waya a gindinta ko a tsakiyarta. Wannan gajartawa tana da farashi. A zangon mita 80, sau da yawa abin da ke fita iska bai kai wat 10 cikin wat 100 da na'urar ta aika ba, sauran ya tafi a zafi. Gwanin eriya shi ne wanda ya iya rage wannan asara.

Abu na farko da yake sani shi ne sandar rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin bodin motar ne. Saboda haka gindin sandar sai ya taɓa tsirarar ƙarfe, a kankare fenti da tsatsa, a ɗaure da noti sosai. Bonet da ƙofofi da murfin baya da salansa, waɗanda roba da maƙale-maƙale suka raba su da sauran jiki, sai an haɗa su da shasi da faffadar saƙaƙƙiyar waya ta tagulla, domin motar ta zama ƙarfe guda a idon igiyar rediyo. Wannan haɗi yana kuma rage ƙarar da fulogi da altaneta ke zubawa cikin lasifika. Eriyar da ake manna wa rufi da maganaɗisu ta isa ga zangon mita 2, amma ga gajeren zango ba ta wadatar, kuma gargadar hanyar ƙauye za ta yar da ita.

Na biyu shi ne wuri. Gwargwadon tsayin inda eriya take da yawan ƙarfen da ke ƙarƙashinta, gwargwadon kyawun aikinta. Wadda aka maƙala a bamba, bodin mota na tsaye kusa da ita, tana asarar ƙarfi, kuma tana jefa saƙonta gefe guda. Amma tsayi ma yana da iyaka, domin akwai rassan darbejiya da rumfunan gidan mai, akwai kuma wayoyin wutar lantarki da ke ratsa tituna ƙasa-ƙasa, waɗanda taɓa su ajali ne. Dokar farko ga mai miƙe sanda a inda ya tsaya ita ce ya ɗaga kai ya dubi sama.

Na uku wuta. Na'ura mai wat 100 tana jan kusan amfiya 20 idan ana magana, abin da ramin kunna sigari ba zai iya ɗauka ba. Sai an ja waya mai kauri kai-tsaye daga batir, da fis kusa da kan batirin, in ba haka ba wata rana mota ta kama da wuta. Tirela kuma da bolt 24 take aiki, na'urar tana son 13.8, don haka sai an sa mai rage ƙarfi a tsakani. Daga nan a gwada da ma'aunin da ke nuna yawan ƙarfin da ke komowa baya daga eriya, a rage sandar ko a ƙara har komowar ta yi ƙasa. Ƙurar hunturu tana tara caji a jikin sanda, zafin bazara yana cin robar waya, ruwan damina yana shiga mahaɗa. Kowane yanayi da irin kulawarsa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi dacewa da Yobe. Zangon mita 2 a miƙe yake tafiya. Tsakanin mota da mota a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Potiskum yakan kai kilomita 10 zuwa 20, kuma idan aka ɗora na'urar maimaita saƙo a kan dogon turke, zai ninka haka sau da yawa. Amma don a ji mutum daga Potiskum a Damaturu, mai nisan kusan kilomita 100, ko a Maiduguri ko Kano, akwai dabarar da sojojin duniya suka daɗe da sani: a lanƙwasa doguwar sandar ta kwanta bisa motar, ko a tsaya a shimfiɗa waya ƙasa-ƙasa tsakanin motar da bishiya. Saƙon sai ya tashi sama kusan a miƙe, ya bugi wani rufi mai caji da ke can ɗaruruwan kilomita sama da ƙasa, ya zubo kamar ruwan sama a kan da'ira mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Da rana zangon mita 40 ke yin wannan aiki, da dare na mita 80. Abuja kanta, a miƙe, ba ta kai kilomita 500 daga Potiskum ba.

Mutanen Arewa maso Gabas sun saba ganin wannan fasaha ba tare da sun san sunanta ba. Kakkaurar baƙar eriyar nan da ke gaban fararen motocin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, irin ta kamfanin Codan na Ostareliya, ta gajeren zango ce. Ƙungiyoyin da ke da wayar tauraron ɗan Adam da kuɗin biyanta ba su yar da ita ba, domin sun san da tsohuwar zuma ake magani. Abin takaici shi ne baƙon da ya zo aikin wata shida yana da wannan kariya, ɗan garin da zai zauna har abada ba shi da ita.

Me ya sa Potiskum?

Potiskum mahaɗar hanyoyi ce. Titin Kano ta Azare, da na Jos ta Bauchi, da na Gombe, da na Gashuwa, da na Damaturu zuwa Maiduguri duk a nan suke haɗuwa. Kasuwar shanunta ta ranar Laraba tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma garin ya yi suna da masu manyan motocin dakon kaya. Inda tireloli suka yi yawa, nan makanikai da 'yan walda da masu wayarin mota da masu gyaran rediyo suke taruwa. Duk abin da aka lissafa a sama, daga kankare fenti zuwa jan waya daga batir, aikin hannunsu ne na kullum. Abin da ya rage musu shi ne lissafin igiyar rediyo da ƙa'idojin magana a iska.

Masu koyar da wannan ma suna garin. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum aikinta shi ne yaye malaman sana'a, ciki har da na lantarki. A Damaturu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, a Gashuwa akwai Jami'ar Tarayya. Makarantu uku mallakar Gwamnatin Tarayya, a kusurwoyi uku na jihar, kowace za ta iya riƙe tashar kulob mai lasisi da farantin sola a kan rufi. Ɗalibin da ya naɗa kwayil da hannunsa, ya ji wani a Italiya ya maimaita lambarsa, ya fahimci darasin lantarki fiye da wanda ya haddace shi daga allo. Garin kuma yana da fadar Mai Fika da ta Mai Potiskum, waɗanda hakimansu da masu unguwanninsu suka san ɗan wane ne kowane mai neman lasisi.

Tsoron jami'an tsaro

Duk jami'in da wannan takarda ta isa teburinsa zai yi tambaya ɗaya: a yankin da ake yaƙi da 'yan ta'adda, wa zai raba wa farar hula na'urar aika saƙo? Tambayar tana kan hanya, kuma ba Najeriya kaɗai ke yin ta ba. Ingila da Amurka sun dakatar da masu rediyon sha'awa a Yaƙin Duniya na Biyu, Yukren ma ta yi haka a Fabrairun 2022. A Yunin 2013 rundunar tsaro ta haramta wayar Thuraya a Borno saboda irin wannan dalili.

Sai dai a dubi abin da ke ƙasa. Ƙananan rediyon oba-oba 'yan China suna nan a kasuwa da shagunan intanet, masu gadi da masu shirya biki suna riƙe da su, sojoji kuma sun sha nuna irinsu cikin kayan da suka ƙwato daga 'yan bindiga. Ɗan ta'adda bai taɓa cike takardar neman lasisi ba. Ƙunci wajen ba da lasisi mai bin doka kaɗai yake hanawa. Mai lasisi kuwa gwamnati tana da sunansa da hotonsa da adireshinsa. Dole ya faɗi lambarsa a iska, dokar ITU ta hana shi sakaya magana don ɓoye ma'anarta, kuma duk mai rediyo, har da sashen sauraro na soja, yana jin abin da yake faɗa. A ƙasashen da suke da yawa, su ne kan fara jin baƙuwar murya a zangonsu, su bi diddigin inda take fitowa, su kai rahoto.

Tarihin Amurka ma bai tsaya a dakatarwa ba. A 1942, yaƙi na tsaka, ta kafa wani tsarin rediyon gaggawa inda aka tantance masu rediyon sha'awa aka sa su ƙarƙashin hukumomin kare farar hula, a 1952 kuma ta mayar da shi tsari na dindindin mai suna RACES. Hikimar ita ce ko da an rufe iska ga kowa, akwai jerin mutanen da aka sani, a wuraren da aka sani, waɗanda hukuma za ta ce su ci gaba da magana a kan zango kaza, game da abu kaza. Irin wannan jeri ne babu a Yobe a 2013, lokacin da zaɓin ya zama ko a buɗe wa kowa ko a rufe wa kowa.

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Rediyo ba ya tare harsashi, kuma tunda kowa na ji, ba wurin faɗar motsin sojoji ba ne. Amfaninsa kiran motar asibiti, da sanar da gadar da ruwa ya cinye, da neman ɗauki. Akwai kuma haɗari ga mai eriyar kansa. Matashin da ya iso shingen bincike a hanyar Damagum da doguwar sanda a kan mota, ba tare da sojan da ke wurin ya taɓa jin labarin wannan lasisi ba, yana iya kwana a inda bai yi niyya ba. 'Yan bindiga ma za su iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri. Wannan ne ya sa ba za a bar wa matasa lamarin su yi shi da ka ba. Sai hukuma ta shige gaba.

Abin da ke kan teburin Abuja

Dokar sadarwa ta iska ta 1961 ta haramta amfani da na'urar aika saƙo ba lasisi. Dokar Sadarwa ta 2003 kuma ta kafa Majalisar Kula da Zangunan Rediyo ta Ƙasa, wadda Ministan Sadarwa ke shugabanta, kuma NCC da Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai da wakilin hukumomin tsaro duk suna da kujera a cikinta. Ke nan ba a buƙatar sabuwar doka ko sabuwar hukuma. Duk waɗanda ya kamata su yarda suna zama a ɗaki guda.

Mataki na farko shi ne Ma'aikatar Sadarwa, tare da NARS, ta wallafa hanyar samun lasisi dalla-dalla, da Turanci da Hausa: manhajar jarrabawa, da kuɗin da za a biya, da kwanakin da takarda za ta yi kafin a ba da amsa. A sanya kwalejin Potiskum cikin cibiyoyin jarrabawa, domin kada ɗan Nangere ya sayar da akuya kafin ya kai kansa Abuja.

Na biyu, Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro ya tsara yadda za a tantance masu nema, da katin shaida, da alamar da za a liƙa a gilashin mota, sannan a aika sanarwa a rubuce ga rundunonin da ke Yobe da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, har ta isa hannun wanda ke tsaye a shinge.

Na uku, a yi gwaji ƙarami. Gasar yini guda a ƙananan hukumomi huɗu na Yobe ta Kudu, wato Potiskum da Fika da Fune da Nangere, da motoci kaɗan, da rana, a kan hanyoyin da sojoji suka amince, da sharaɗin ba a magana sai mota na tsaye ko kuma wanda ba shi ke tuƙi ba. Tashar kwalejin ta zama cibiya, jami'an NEMA da na hukumar agajin gaggawa ta jiha su zauna su saurara. A ba da ƙarin maki ga wanda ya yi magana daga harabar makarantar kwana ko asibitin karkara. Kundin da za a tattara a ƙarshe zai nuna wa hukuma daga wane ƙauye ake jin Damaturu, a wane zango, da ƙarfe nawa. Idan an ga alheri, a faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi 17 na jihar.

Na huɗu kuɗi, kuma ba su da yawa. Kayan tashoshin kulob guda uku ba su kai kuɗin motar jami'i ɗaya ba. Asusun TETFund yana tallafa wa waɗannan makarantu, Hukumar Raya Arewa maso Gabas kuma, wadda aka kafa da dokar 2017, irin wannan aiki yana cikin huruminta. Abin kiyayewa shi ne kada a mayar da shi kwangilar sayo kaya a jibge a sito. Na'urar da ba a kunna ta duk mako ba, ranar buƙata za a tarar batirinta ya mutu, wanda ya iya ta kuma an yi masa canjin wurin aiki.

Ministoci da manyan sakatarori su ke sa hannu, amma daraktoci da mataimakansu da hadimai su ke rubuta takardar da ake sa wa hannun, su ne kuma ke sanin fayil ɗin da zai hau sama da wanda zai kwana a ƙasa. Wannan ba aikin da za a yanka masa kyalle a gaban 'yan jarida ba ne, shi ya sa yake da sauƙin mantawa. Amma damina tana dawowa kowace shekara, kuma babu wanda ya yi alkawarin ba za a sake rufe layuka ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tantance mutum da koya masa da ba shi lasisi aikin watanni ne, don haka lokacin fara shi shi ne yanzu da sabis ke nan.